Ƙwallo, reshe ko na leda: wanne za ka saya in kana son dabino a gida?

Jama'a duk bayan azumi sai ka ga an tara ƙwallon Ajwa ko Majdul wai za a shuka a tsakar gida, ni ma haka na fara, shi ya sa nake son mu yi maganar kafin mutum ya kashe kuɗi.

Ƙwallo dai kusan kyauta ne, ka jiƙa shi a ruwa kwana 2 ko 3 kana canza ruwan, ka tura a leda mai zurfi da yashi da taki, cikin 'yan makonni zai tsiro. Matsalar tana gaba. Dabino akwai namiji akwai mace, kusan rabin abin da ka shuka maza ne, kuma ba ka ganewa sai ranar da ya yi fure, bayan shekara 4, 5 ko ma fiye kana ban ruwa. Ko macen ce ta fito ba lallai ta ɗauko uwarta ba, ƙwallon Ajwa ba ya ba ka Ajwa wallahi, wani dabino ne daban, ko ya yi daɗi ko akasin haka. In shi ka zaɓa kar ka shuka ɗaya tal, shuka kamar 10.

Reshen da ke fitowa a gindin uwa shi na fi yarda da shi. Ya fi tsada, wani ma yakan mutu bayan dashe in bai yi saiwa ba, amma jinsinsa da ɗanɗanonsa na uwar ne sak, kuma ya fi saurin haihuwa. Ka je da ƙafarka ka ga uwar da 'ya'ya a kanta, a cire a gabanka.

Na leda da ake tallarsa kuwa ka tambaya da kyau, akwai wanda aka raino a ɗakin gwaje-gwaje, wannan ma jinsinsa na uwar da aka ciro shi ne sai dai kuɗi, akwai kuma ɗan ƙwallo da aka liƙa wa suna mai daɗi, ido ba ya bambancewa. In kana kusa da Jigawa ka leƙa tashar binciken dabino ta NIFOR (cibiyar binciken kwakwar manja ta Najeriya) da ke Dutse ka nemi shawara.

Kar ka manta da barbara, mace ba ta yin 'ya'yan kirki dole sai an sa wa furenta garin furen namiji, amma namiji 1 ya ishi mata da yawa, ko na maƙwabci ma ya wadatar. In fili ne ka bar tazarar mita 8 tsakani, kuma ka nisanta shi da katanga.