Gargaɗi ga masu haɗa ƙananan tireloli: ku yi hattara da masu karɓar kafin alƙalami

Jama'a masu sha'awar haɗa ƙananan motoci na cikin kwali, musamman masu tirela da tanka, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da Instagram da wasu shagunan bogi na intanet, kuma irinmu aka ɗana wa ita. Mai sayen motar wasa don yaro ba shi ake nema ba, don abin da za a samu a jikinsa kaɗan ne. Wanda ake farauta shi ne mutumin da hankalinsa ba zai kwanta ba idan tankin man motarsa ya zarce ƙa'ida da milimita 3, wanda ya san fuskar DAF 95XF ta 1997 daban take da ta XF105 da aka fito da ita a 2005. Irin wannan mutum yana biyan kuɗi mai kauri a kan ɗan mitsitsin abu, kuma yana da haƙurin jira wata da watanni. Da waɗannan halaye biyu ake cin kuɗinsa.

Dalilin da ya sa ƙofar take a buɗe sananne ne ga duk wanda ya daɗe a harkar. Italeri na ƙasar Italiya da Revell na Jamus suna yin motocin Turai a ma'aunin 1/24, wato an rage girman motar gaske sau 24, AMT na Amurka yana yin su Peterbilt da Kenworth da Mack a 1/25, amma ba kowace mota suke yi ba. Sun fi karkata ga manyan kawuna masu farin jini, kuma sau da yawa sabon kai ake ɗorawa a kan tsohon shasi. To wanda yake son ya fitar da mota sak irin DAF ko Mack ɗin da yake gani da tanka a hanyar Kaduna zuwa Kano, da irin tayoyinta da bambarta da dogon tankinta, dole ya nemi ƙarin kaya a wajen ƙananan masu sana'a da ke zuba su da rezin, wato wani ruwan roba da ke daskarewa a cikin mazubi, ko su buga su da na'urar 3D. Akwai na ƙwarai a cikinsu, irin su KFS a Ingila da CTM a ƙasar Cek, kuma yawancin masu wannan sana'a mutum ɗaya ne ko biyu a ɗan shago, suna zuba kaya kaɗan-kaɗan, wani lokaci sai ka jira. Ɗan damfara ya lura cewa mun saba da jira, mun saba da biya kafin mu gani, sai ya saka rigar waɗannan mutane.

Ga yadda abin yake tafiya. Za ka ga shafi mai hotuna masu kyau ƙwarai: kan mota na rezin da ragar gaba da fitilu, an jera su a kan tabarmar yanka, komai tsaf. Sai a ce guda 20 kawai za a zuba, wanda yake so ya ajiye rabin kuɗi. Kana yin magana za a amsa maka cikin minti ɗaya, da ladabi kamar an san ka, a ce saura biyu, wani ma yana kan layi. Idan ka ce za ka biya ta PayPal, sai a roƙe ka ka zaɓi Friends and Family, wai don a kauce wa kuɗin caji. Nan ne ramin. Wannan zaɓi na aika wa ɗan uwa kyauta ne, babu kariyar mai saye a cikinsa ko kaɗan. Idan kuma ta wajen wani ɗan tsakiya ne a nan gida, zai ba ka lambar asusu ya ce ka yi tiransfa, sunan da ke kan asusun kuma ba shi ne na shafin ba, sai a ce na ƙaninsa ne ko na matarsa.

Wanda ya dage ya biya ta hanyar da ke da kariya, shi ma an tanadar masa nasa. PayPal yana ba mai saye kwana 180 daga ranar biya ya shigar da ƙorafi. Saboda haka sai a fara ja maka rai. Yau mazubi ya yage, gobe rezin ya ƙare a kasuwa, jibi mai sana'ar yana asibiti. Kowane wata za a turo maka sabon hoto na wani ɓangare, a gode maka da haƙuri, a yi alƙawarin ƙara maka sitika kyauta. Kai kuma kana jin nauyin matsa wa mutumin da ya ce ba shi da lafiya. Ranar da wata shida suka cika, saƙonka ya daina samun amsa, shafin ya canja suna ya fara tallan wani kan motar. Duk wanda ya ajiye kuɗi a kan kayan da ba a zuba ba tukuna, ya rubuta ranar da ya biya, idan wata biyar suka wuce babu kaya ya shigar da ƙorafi, ko da mai sayarwar ya rantse da abin da zai kashe shi. Mai sana'a na gaskiya zai mayar maka da kuɗin, ka sake biya idan kayan sun kammala.

Wasu kuma suna turo kaya, kuma a ganina waɗannan sun fi cutarwa, don suna da bakin cewa ai sun cika alƙawari. Abin da suke yi shi ne su sayi kaya ɗaya na asali, su zuba masa roba mai laushi su ɗauki siffarsa, su riƙa zuba kwafi daga ciki. Kwafin kwafi ba ya taɓa fitowa daidai. Mazubin yana motsewa kaɗan, rezin ɗin ma yana motsewa, balle idan mai araha ne. Ku yi lissafi: kan mota mai faɗin mita 2.5, a ma'aunin 1/24 santimita 10.4 ne. Ko kashi 2 cikin 100 ya motse, milimita 2 sun tafi, kuma milimita 2 sun isa su hana gilashin gaba zama, su sa ƙasan kan ya ƙi hawa kan shasi. Sai ka wuni kana goga da ciko, kana zargin hannunka, alhali kayan ne ba su cika ba. Alamominsa ba sa ɓuya ga mai lura. Kawunan ƙusoshi da ya kamata su fito da kusurwa shida sai su zama dunƙule. Layin ƙofa ya cike a wani wuri. Za ka ga layin haɗin mazubi guda biyu a gefe ɗaya, na asali da na ɓarawon. Inda mai sana'ar asali ya sa tambarinsa a ciki, an kankare. Takardar bayani hoto ce da aka sake bugawa har ta dushe, siraran ƙarafan ado da ke cikin hoton talla kuma babu su, don waɗannan ba a kwafe su da roba.

Na 3D ma suna da tasu. Ana satar zanen kwamfuta na wani, wanda aka yi shi don ƙaramin ma'auni kamar 1/50 ko 1/87, a hura shi ya kai 1/24. Daga nesa mota ce, amma madubi ya yi kauri kamar bulo, matakala ta zama katako. Wani kuma ba ya wanke kayan ya gasa su yadda ya kamata, sai su iso suna danƙo, ko kuma ruwan rezin ya maƙale a cikin tanki mai rami, bayan 'yan watanni ya tsaga shi daga ciki, lokacin ka riga ka yi fenti.

Batun ma'auni kansa wata hanyar cuta ce. Za ka ga an rubuta 1/24-1/25 a kan taya, kamar abu ɗaya ne. Bambancinsu kusan kashi 4 cikin 100 ne. Rim mai inci 22.5 ya kama milimita 23.8 a 1/24, a 1/25 kuma 22.9. Bodin tirela irin na Turai mai mita 13.6 zai zama santimita 56.7 a na farko, 54.4 a na biyu. A kan tankin iska ko akwatin batir ana iya kau da kai, amma a kan rim da taya ido yana gani. Mai sana'a na gaskiya zai gaya maka a wane ma'auni ya zana kayansa da kuma kwalin da ya gwada su a kai. Wanda ya ce maka suna shiga kowace mota, bai taɓa haɗa ko ɗaya ba.

Sai tallan da ya fi kowanne yawa, na manyan motocin rimot. Tamiya na Japan yana yin su a 1/14 tun King Hauler ta 1993, da shasin alminiyom da giya uku, kuma kwalin kaɗai ɗaruruwan daloli ne. Rimot da batir da fenti daban ake saye, na'urar fitilu da ƙarar inji ma daban. Idan ka ga bidiyon irin wannan mota tana kunna sigina tana huci, an ce dala 30 ko 40 saboda wai shago zai rufe, to bidiyon na wani ne aka sato daga wajen baje koli. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da zai iso, in ya iso, 'yar motar roba ce da ba ta kai tafin hannu ba, kuma an turo ta ne don lambar bin sawun kaya ta nuna cewa an kai. Ka yi ƙorafi a ce ka mayar da ita can wata ƙasa da kuɗinka, ko ka karɓi ɗan canji ka yi shiru.

Masu neman tsofaffin kwalaye su ma su kula. Peterbilt 359 ta AMT da ake kira California Hauler ta fara fitowa a 1969, amma an sake fitar da ita daga baya, haka ma wasu da dama na wancan zamani, tun da kamfanin Round 2 ya karɓi sunan AMT. Ana ɗaukar sabon fitowa a sayar da shi da kuɗin na dauri. Ana kuma cire inji ko tayoyi ko gilasai daga kwali, a sake naɗe shi da leda a ce ba a taɓa buɗewa ba. Shafin Scalemates yana nuna tarihin kusan kowane kwali da lambarsa da hoton murfinsa shekara bayan shekara, minti biyar a can sun isa. A nan ne ma za ka ga cewa wasu motocin Revell kayan Italeri ne a cikin wani kwali, wannan kuma ba cuta ba ce, yarjejeniya ce tsakanin kamfanoni, sai dai kada wani ya sayar maka da abu ɗaya sau biyu.

Wani salo kuma yana zuwa ne bayan ka yi cigiya a zauren masu haɗa motoci na intanet. Ka rubuta kana neman kaza, sai baƙo ya shigo maka ta akwatin sirri ya ce abokinsa yana da shi, ga imel ɗinsa. Abokin da shi mutum ɗaya ne. Har asusun mutanen kirki ake sacewa a yi wannan da sunansu, saboda haka sanin suna bai isa ba.

Kafin kuɗi su bar hannunka, ka ce a ɗauko maka hoton kayan da rula a gefensu da takarda mai sunanka da kwanan watan yau da rubutun hannu, in so samu ne gajeren bidiyo ana juya su, tunda yanzu gyara hoto ya zama wasan yara. Ba a cinikin biri a sama. Wanda kayan ke gabansa ba zai ɗauki minti goma ba, wanda ba shi da su zai ce yana kan tafiya, ko ya yi fushi wai ka zarge shi. Hotunan tallan kuma ka saka su a Google Lens ko TinEye, sau da yawa za ka same su a shafin mai su na asali, an ɗora tun shekaru. Facebook yana nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa amsawa da ƙasar da masu kula da shi suke, ka duba. Ka kuma yi masa tambayar da mai haɗa mota kaɗai zai iya amsawa: da wane manne zan haɗa wannan kan da shasin roba? Idan ya ce da mannen roba na kwali, ka kama gabanka, don wannan manne narkar da roba yake yi, ba ya kama rezin, sai sufa gulu ko mannen nan mai haɗi biyu.

Wanda ya riga ya faɗa, kada ya ƙara ko kwabo. Saƙon da zai biyo baya cewa kwastan sun riƙe kaya sai an tura wani kuɗi cikin asusun wani mutum, daga bakin mutanen nan ne, haka ma wanda zai zo ya ce zai iya ƙwato maka kuɗinka idan ka biya shi. Ka adana hotunan hirar da shaidar biya tun kafin a goge shafin. Idan eBay ne, kwana 30 kake da su daga isowar kaya ko ranar da aka ce za su iso. Idan da katin banki ka biya, ka je bankinka ka nemi a bi maka kuɗin, idan tiransfa ce cikin Najeriya ka sanar da banki a ranar, sannan ka kai ƙara EFCC. Ka kuma saka a zaure hotunan kayan da aka sace, ka sanar da mai sana'ar asali, don shi ne yake da hurumin sa a sauke tallan.