Kallon gauraki a Kogin Platte: wace hanya ta cancanci kuɗinka?

Jama'a duk mai niyyar zuwa Nebraska ta Amurka kallon gauraki nau'in Sandhill ya ɗan tsaya ya ji kafin ya biya ko sisi. Tsuntsayen nan daga Teksas da New Mexico da Meziko suke tasowa, su yada zango a Kogin Platte, musamman tsakanin Kearney da Grand Island, tun ƙarshen Fabrairu har farkon Afrilu, sun haura 500,000, kuma daga tsakiyar Maris ne wurin yake cika maƙil. Da rana suna gonaki suna kalar masara su tara kitsen tafiya Kanada da Alaska har Saberiya, da dare kuma su kwana a tsaye cikin ruwa marar zurfi inda namun daji ba sa iya yi musu sanɗa. Shi ya sa kallon gaske asuba ne ko magariba, a bakin ruwa.

Ni dai ba na ɓoyewa, rumfar leƙe ta gandun tsuntsaye na Rowe Sanctuary kusa da garin Gibbon ita ce zaɓina. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta Audubon ce ke da wurin tun 1974. Da duhu-duhu ake shiga da ku, ba fitila ba surutu, ku tsaya bayan 'yan tagogi kuna jin kukansu tun ba ku ga komai ba, wani irin gurnani mai kaɗawa da ke fitowa daga dogon maƙogwaronsu, sai gari ya fara wayewa ka ga ashe abin da ka ɗauka tudun yashi ne duk tsuntsaye ne, ga jan goshinsu, wani ya duƙa ya yi tsalle ya cilla tsinke sama yana yi wa matarsa rawa, can kuma in mikiya ta gilma sai dubbai su tashi lokaci guda har ka ji abin a ƙirjinka. Wallahi wannan kaɗai ya biya kuɗin. Sai dai fa sanyi, rumfar ba a ɗumama ta kuma ba ka fita sai an gama, a sa safa biyu da safar hannu. Tun Janairu ake kama wuri, wanda ya yi nawa ya rasa.

Ƙungiyar kare gauraki ta Crane Trust da ke wajen garin Alda su ma suna da rumfuna har da tsarin kwana, masu kyau ne, na masu hali. Gadar Fort Kearny sai da takardar shiga gandun jiha, ga cunkoso. Dandalin kallo na Plautz da na titin Alda kyauta ne amma daga nesa za ka hango.

To nan fa a buɗe kunne. Saboda dandalin nan kyauta ne, akwai masu kiran kansu 'yan jagora a intanet, su liƙa hotunan da ba su suka ɗauka ba. Wani ya taɓa karɓe mana daloli masu yawa da alkawarin wuri na musamman, ƙarshenta inda kowa ke tsayawa ba ko kwabo ya sauke mu, bayan rana ta fito tsuntsaye sun watse. Ka tambayi mutum sunan wurin da zai kai ka, in ya fara kame-kame rabu da shi. Wanda ya ce zai shiga da kai gona ku matso kusa da su shi ma ka guje shi, gonakin na mutane ne, kuma korar tsuntsu daga abinci cutarwa ce, kitsen da zai kai shi arewa yake ƙonawa a banza.

Haka madubin hangen nesa, jabu sun yi yawa. Ɗan ƙarami kamar tafin hannu an rubuta 80x100 wai har yana gani da dare, ƙarya ce tsagwaronta, don 100 ɗin nan faɗin gilashin gaba ne a milimita, kuma gilashin da ya kai milimita 100 ba ya shiga aljihu. Nemi 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas da gilashi mai faɗin milimita 42, na kamfanin da aka sani, yana tara haske da asuba kuma hoton ba ya rawa a hannu. Ka leƙa cikinsa tun a shago, in abu ɗaya ya zama biyu ko ido ya fara ciwo, ajiye musu kayansu.