Tayin Talla a Google: Da Hannu ko da Manhaja?

Assalamu alaikum. Alhaji, ka ce kana sayar da farantan sola da batura a kasuwar Alaba da ke Ojo a Legas, kana biyan Google duk lokacin da wani ya danna tallanka, kuma kana tambaya ko ka ci gaba da saka farashin tayi da hannunka ko ka miƙa aikin ga manhaja. A ganina amsar tana rataye ne a kan abu guda, wato ko manhajar tana iya ganin cinikin da ya faɗa ko ba ta iya gani.

Tsarin da kamfanin ya buɗe a shekarar 2000 da sunan AdWords, aka mayar da shi Google Ads a 2018, gwanjo ne da ake yi duk sa'ad da mutum ya rubuta abin da yake nema. Ba lallai wanda ya fi tayi ya hau sama ba, domin ana duba dacewar tallan da kyawun shafin da yake kai mutum, kuma sau da yawa abin da ake cira bai kai iyakar tayin ba.

Mai aiki da hannu shi ne yake yanke wa kowace kalma iyakar abin da zai biya, kuma yana iya ƙarawa ko ragewa bisa unguwa, ko awa, ko irin na'ura. Idan kai batura daga Ojo zuwa Ajah yana cinye ribarka saboda kuɗin mota da cunkoso, sai ka rage tayin wancan ɓangaren ka ƙara na Festac da Surulere. Matsalar wannan hanya ita ce tana cin lokaci, kuma farashin da ka tsara shi ne zai ci gaba da shiga kowane gwanjo har sai ka canza shi da kanka.

Manhajar Google ta cikin gida, wadda ake kira Smart Bidding, kyauta ce, kuma tana yanke sabon tayi a kowane gwanjo bayan ta duba wurin da mai neman yake, da lokacin, da na'urarsa, da ainihin kalmomin da ya rubuta. Babu ɗan Adam da zai iya wannan lissafin. Amma tana koyo ne daga sakamakon da aka nuna mata, wato abin da mutum ya yi bayan ya danna tallan, kamar saye ko tuntuɓar shago, kuma a nan ne kasuwancin Legas yake ba ta wahala. Mai sayen batir na dubban ɗaruruwan naira ba ya biya a shafin intanet. Yana danna maɓallin WhatsApp, ya nemi hoto da bidiyo, a yi ciniki kwana biyu ko uku, sannan ya zo shago ko ya tura kuɗi bayan kaya sun isa gare shi. Duk wannan manhaja ba ta gani. Abin da take gani shi ne danna maɓallin, don haka za ta dage wajen kawo maka masu yawan danna maɓalli, ko da rabinsu farashi kawai suke tambaya su tafi. Ya kamata kuma a tuna cewa mai gudanar da gwanjon shi ne yake yi maka tayin, kuma tsarin neman mafi yawan sakamako yana ƙoƙarin kashe duk kasafin ranar ne.

Akwai kuma batun yawa. Google yana ba da shawarar a auna aikin manhajar a kan sakamako aƙalla 30, shi kuwa Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, yana neman kusan 50 a mako guda kafin tallan Facebook ya fita daga matakin koyo. Mai sayar da katin waya ko takalma yana iya tara wannan cikin sauƙi, amma mai kaya masu tsada da ke yin ciniki jefi-jefi zai daɗe yana biyan kuɗin karatun manhaja. A kowace hanya ka bi, Google yana iya kashe ninki biyu na kasafin rana, muddin jimillar wata ba ta wuce kasafin sau 30.4 ba. Wanda ya saka naira 10,000 zai iya ganin an cire 20,000 a rana guda, iyakarsa a wata kuwa 304,000 ce.

Manhajojin sarrafa tayi na wasu kamfanoni, ba na Google ba, irin su Optmyzr, ana biyan su ne da dala kowane wata, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗinsu ya yi wa ƙaramin ɗan kasuwa nauyi. Sun fi dacewa da kamfanonin talla masu riƙe da asusun mutane da yawa.

Shawarata ita ce ka tsaya a kan hannu tukuna. Ka riƙa duba rahoton kalmomin da mutane suka rubuta kowane mako, kana toshe na masu neman aiki, da masu neman gyara, da masu neman koyon haɗa sola. Ka canza saitin wuri ya koma na waɗanda suke cikin Legas da gaske, domin saitin asali yana haɗawa da masu sha'awar garin daga nesa. Yaron shago kuma ya riƙa rubuta duk cinikin da ya fito daga talla, a riƙa shigar da shi cikin asusun ta hanyar da Google ya tanada don cinikin da aka ƙulla a wajen intanet. Idan waɗannan sun kusa 30 a wata, sai ka raba kasafin gida biyu a sashen gwaji na Google Ads, rabi da hannu rabi da manhaja, ka bar su makonni huɗu ba tare da taɓa komai ba, sannan ka kwatanta abin da kowane ciniki ya ci maka.