Mai gyaran famfon da ya gano abin da ke sa tankinmu tumbatsa

Masu gyaran famfo da yawa a Kano, da zarar ka ce tanki na zubar da ruwa, sai su rubuto maka kayan da za ka sayo a Ƙofar Ruwa tun kafin su taka tsani. Wanda maƙwabcina ya turo mini a Hotoro ba haka yake aiki ba, shi ya sa nake son masu bohol a gida su ji labarinsa.

Tanki biyu gare mu. Babban, mai lita 2,000, yana kan ƙarfe mai tsayin mita 6, samo ne, wato injin tura ruwa da ake zurawa cikin bohol, ke cika shi. Ƙaramin, mai lita 1,000, yana tsakar gida don wanki da wanke-wanke, daga babban yake samun ruwa. Ƙaramin ne ke tumbatsa, kuma da dare. Kullum da asuba sai mu tarar da tsakar gida jagab, gindin katanga ya yi gansakuka, fenti na ɓarewa, katin wuta kuma yana ƙarewa da wuri. Duk wanda ya leƙo sai ya ce otomatik ɗin samo ne ya mutu, wato na'urar da ke kunna shi da kashe shi da kanta.

Shi da ya zo bai taɓa sifana ba sai da ya yi tambayoyi: wane tankin ne, da wane lokaci, kuma ko yana zuba in an ɗauke wuta? Na ce yana zuba. Ya ce, "To Alhaji, ba laifin samo ba ne ke nan. In babu wuta, da me zai turo ruwan?" Duk da haka ya kashe samon daga makunni don ya tabbatar, ruwa bai fasa ɗiga ta bututun rara ba. Ya rufe bawul ɗin da ke tsakanin tankunan biyu, nan take ya tsaya.

Daga nan aikinsa ya fi burge ni. Ya buɗe murfin ƙaramin tankin, ya sake buɗe bawul, ya ɗaga hannun ƙwallon da ke iyo a kan ruwa, wanda suke kira fulot, har ƙarshe. Ya kira ni in gani da idona: ruwa na ci gaba da tsiyaya siriri kamar zare. Ya ce da a ce ya tsaya, to matsalar a ƙwallon take, ko ya huje ya sha ruwa ya nutse, ko hannunsa ya lanƙwashe. Ya kwance ƙwallon ya girgiza a kunnensa, babu ruwa a ciki. Da ya warware kan bawul ɗin fulot ɗin, sai ga 'yar baƙar robar da ke toshe bakin ta cinye ta gefe ɗaya, jan yashi ya maƙale a ƙarƙashinta. Ya zuba yashin a tafin hannuna, ya ce daga bohol yake hawowa.

Ya kuma fayyace mini dalilin da ya sa sai da dare. Da rana ana ɗiban ruwa, tsiyayar ba ta samun damar cika tankin. Da dare babu mai buɗe famfo, babban tankin kuma cike yake yana danno ruwa daga sama. Yana raguwa otomatik ya tayar da samo, samo mai doki ɗaya kuwa yana jan wuta sama da wat 750. Can kuɗin katinmu ke tafiya.

Ya sa sabon bawul na tagulla, ya ɗaura mataci a bututun da ke shiga babban tankin, ya nuna wa yarona yadda ake kwance shi a wanke. Ya saita ƙwallon yadda ruwa zai tsaya kimanin tafin hannu ƙasa da bututun rara, sannan ya ƙara wa bututun tsayi ya kai shi magudana, nesa da katanga, ya ɗaure bakinsa da raga saboda sauro. Wannan na ƙarshen ban ma roƙe shi ba.

Yana da nasa aibin. Ya ce bayan Azahar zai zo, sai dab da Magariba ya iso, wayarsa kuma ba ta shiga. Ba ya ba da rasit, kuma ya bar guntayen fayif da farin tef a tsakar gida sai da yara suka share. Kuɗin aikinsa ma ya ɗara na sauran. Amma da na ce, "Malam, mu canza otomatik ɗin ma mana a huta," cewa ya yi lafiyarsa ƙalau, in bar kuɗina. Duk mai son kiransa ya ba shi lokacin safe, kuma ya tanadi tsani, don ba ya zuwa da nasa.