Atisayen sassauta jiki ta waya: yadda na same shi a tsakiyar ɗinkin Sallah

Duk telan da ya taɓa karɓar ɗinkin Sallah ya san ciwon da ke farawa daga ƙeya, ya sauko kafaɗa, ya yi zamansa a tsakiyar baya. Ga rashin barci, ga kwastoma na kira, ga janareto na ruri a bakin shago. A irin wannan hali ne ɗan yayata, wanda ke karatun aikin jinya, ya karɓi wayata ya sauke mini wata manhaja, ya ce, "Kawu, minti goma kawai za ka ba ta. Sa abin kunne, ka bi abin da muryar ta ce." Na gwada tun daga tsakiyar azumi har bayan Sallah, kuma ga abin da na gani.

Irin waɗannan manhajoji suna da yawa. Fitattunsu su ne Headspace, da aka kafa a 2010, da Calm, da ta biyo baya a 2012, kuma cikakken amfani da su sai an biya kuɗin wata ko na shekara. Tawa ta kyauta ce, sai dai wasu sassanta a kulle suke sai an biya. Tsarin duk ɗaya ne: murya mai sanyi tana gaya maka yadda za ka zauna, yadda za ka yi numfashi, da inda za ka kai hankalinka.

Wanda ya fi yi mini amfani, nesa ba kusa ba, shi ne na matse gaɓoɓi da sakinsu. Muryar za ta ce ka dunƙule hannu da ƙarfi kamar daƙiƙa biyar, sannan ka sake shi gaba ɗaya, ka saurari bambancin na ɗan lokaci. Daga nan damtse, kafaɗu ka ɗaga su har kusa da kunne, fuska, ciki, cinya, har yatsun ƙafa. Wani likitan Amurka mai suna Edmund Jacobson ne ya tsara wannan hanya, ya fitar da littafi a kanta a 1929. Hujjarsa ita ce mutum kan saba da ɗaurewar tsoka har ya daina jin ta, don haka sai ya ƙara matse ta da gangan kafin ya gane yadda saki yake. Wallahi gaskiyarsa. Da aka zo kan muƙamuƙi ne na gane cewa haƙorana a cije suke duk lokacin da nake jan zare a wuyan kaftani. Ƙafar dama kuwa, wadda ke taka keke, ko da na sake ta sai na ji tana ɗan rawa, ta ƙi yarda aiki ya tsaya. Kafaɗuna suka sauka da kusan yatsa biyu daga inda suka saba zama. Ciwon bai tafi ba, amma ya sauka daga wanda ke hana ni juya wuya zuwa wanda zan iya aiki da shi.

Na biyu shi ne numfashi. Akwai wanda ake ce wa 4-7-8, wanda likita Andrew Weil ya yaɗa: ka shaƙa kana ƙirga huɗu, ka riƙe zuwa bakwai, ka fesar zuwa takwas. Ni riƙewar ce ba ta karɓe ni ba, musamman da yamma ana azumi, don kaina kan ɗan yi jiri. Sai na koma mai sauƙi, shaƙa daƙiƙa huɗu, fesarwa daƙiƙa shida, wanda ke kai mutum numfashi shida a minti, alhali babba a zaune yakan yi tsakanin 12 da 20. Ɗan yayar tawa ya yi mini bayanin dalili: bugun zuciya yana ɗan ƙaruwa in an shaƙa, yana raguwa in an fesar, saboda haka tsawaita fesarwa na taimaka wa jiki ya lafa. Wannan ba ya buƙatar waya ma. Ranar da wani Alhaji ya zo yana faɗa a kan babbar rigar da ba a gama mata aiki ba, ina tsaye ina ba shi haƙuri ina ƙirgawa a zuci, har ya gama ya tafi ban ɗaga murya ba. Yaran shago sun yi mamaki, don sun san halina.

Sai ɓangaren da ban ga amfaninsa ba. Muryar ta ce ka rufe ido ka ɗauka kana bakin teku, igiyar ruwa na taɓa ƙafarka. Mutumin da ke Fagge, cikin zafin da fanka ma iska mai zafi take hurowa, ana ce masa ya ji sanyin yashi! Hankalina maimakon teku sai ya koma kan shaddojin da ke jibge ba a yanka ba. Kusan komai kuma da Turanci yake, wasu masu maganar suna haɗiye kalmomi, sai ka ɓata rabin lokacin kana ƙoƙarin gane abin da aka ce. Da za a samu ma'aikatan lafiyarmu su naɗi irin wannan da Hausa, a tura ta WhatsApp, da masu keken ɗinki, direbobi da masu girki a gidajen abinci sun amfana.

Akwai kuma abin da ya kamata Musulmi ya lura da shi. Wasu darussan tushensu addinin Buddha ne ko na Hindu, har da maimaita wasu kalmomi na ibadarsu. Waɗannan na tsallake su. Na matse tsoka da na numfashi motsa jiki ne kawai, babu wata aƙida a ciki, kuma kiɗan da ke tashi a ƙasa ana iya kashe shi. Azkar ɗina na safe da yamma suna nan a matsayinsu. Wannan don kafaɗa da wuya ne.

Samun lokacin shi ne babban aiki. Da dare bayan tarawihi, ina kwanciya da abin kunne sai barci ya ɗauke ni kafin a kai ga kafaɗa, in farka datata ta tafi a banza, don sauke darasi a ajiye yana cikin sassan da ke kulle. Lokacin da ya fi dacewa da ni shi ne bayan azahar, ko in an ɗauke wuta kafin yara su tayar da janareto. In jingina da bango a bayan teburin guga, in sa wayar ta daina karɓar kira, don kira ɗaya na "Malam, ya kayana?" ya isa ya rushe komai.

Wanda ke da rauni ko ciwon baya mai tsanani kada ya matse wurin da ke ciwo. Wanda kuma damuwarsa ta kai ga rashin barci na makonni, faɗuwar gaba ko ƙin cin abinci, asibiti ya kamata ya nufa. A nan Kano akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma na Dawanau. Kuɗin shekara dai ba zan biya ba, domin darussa biyun da nake buƙata suna cikin na kyauta, kuma yanzu na haddace jerin gaɓoɓin daga hannu zuwa yatsun ƙafa.