Na kai aikin allon shagona wajen mai fenti da hannu a Fagge, ga yadda muka ƙare

Salam jama'a. Tunda na ɗora sabon allo a ƙofar shago mutane ke ta tambayata waye ya yi min, nawa na biya, kuma wai masu haraji ba su zo sun dame ni ba? To bari in faɗi komai a wuri ɗaya kowa ya karanta, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Shagona na ɗinki ne, kaftani da babbar riga da 'yar shara, a wani layi da ke ɓangaren Zoo Road nan Kano. Shekara huɗu fleks, wato allon ledar nan da ake bugawa da inji, nake sakawa kamar kowa, kuma sau uku ina canjawa, domin rana ce ke fara cinye jan kalar, hunturu ya zo ya lulluɓe shi da ƙura, sai iskar farkon damina ta zo ta ƙarasa shi ka wayi gari ka ga rabi yana lilo. Abin da ya fi ci min rai ma ba yagewar ba ce, a layinmu teloli biyar ne kuma wallahi hoton mutum ɗaya ne a allon uku daga cikinmu, wani mai farar shadda da aka ciro daga intanet, har kwastomana ya taɓa aiko ɗansa da yadi yaron ya kai shagon maƙwabcina saboda bai ga bambanci ba.

Wani abokina direban babbar mota ne ya ce min in je Fagge wajen wani dattijo da ya daɗe yana zanen bayan motocin lodi, irin zakin nan da dawisu da karin magana da muka taso muna karantawa a hanya. Shagon ƙarami ne, gabansa duk kwano da katako jingine, ciki warin fenti da tina. Ɗansa na gefe da kwamfuta, shi ke yankan akrilik, wato robar nan mai tauri da ake yin haruffa da ita, da haɗa fitilun LED. Na gaishe da dattijon na ce Baba allo nake so wanda ba zai mutu a shekara ɗaya ba. Bai tambaye ni girma ko kuɗi ba, cewa ya yi "ɗana me kake ɗinkawa?" na ce manyan kaya, ya ce to gobe ka zo min da babbar riga ɗaya wadda kake alfahari da aikinta.

Na kai masa wata mai aska takwas. Ya shimfiɗa ta a kan benci ya daɗe yana bin zaren da yatsa, sannan ya ɗauki fensir ya fitar da askar a takardar siminti, ya ce wannan ce za ta zama bakin allonka, wanda bai iya karatu ba ma daga nesa zai san tela ne a nan. Ƙasan allon ya ce shuɗi mai duhu irin na rinin Ƙofar Mata, rubutu fari, suna da boko a sama da ajami a ƙasa. Ni da farko na ɗan yi jim a kan ajamin, na ce Baba ba zai cika wurin ba? ya ce manyan da ke ɗinka babbar riga da yawansu ajamin suka fi saurin karantawa, kuma gaskiyarsa ne, tun da aka ɗora allon, dattawa biyu sun tsaya sun karanta da ƙarfi kafin su shigo.

Ranar da ya fara rubutun na zauna na kalla, kuma wannan kaɗai ya isa in ce kuɗina bai tafi a banza ba. Zare ya shafa wa alli, yaronsa ya riƙe ɗaya bakin, ya ja tsakiyar ya saki, tas, layi ya fito a miƙe a kan kwanon. Fenti a gwangwanin madara yake damawa. Yana da wata 'yar sanda da ya naɗe kanta da tsumma, ita yake dogarawa a jikin allon ya ɗora hannunsa a kai don kada ya yi rawa, sai ka ga ya ja harafi guda da numfashi ɗaya ba ya komawa. Kafin nan sai da ya goge kwanon da sanfefa ya shafa jan fentin hana tsatsa hawa biyu, wai nan ne masu gaggawa ke tsallakewa shi ya sa allonsu ke ɓarewa.

Kuɗi kuwa, allon mai tsawon ƙafa takwas da faɗin ƙafa biyu da rabi, da firam na ƙarfe da 'yar fitila mai sola a samansa, mun tsaya a naira dubu 95, na ba da rabi kafin a fara. Ya fi fleks tsada nesa ba kusa ba, amma in na haɗa abin da na kashe a fleks uku da kuɗin masu ɗorawa, ban ga na yi asara ba.

Yanzu inda ban ji daɗi ba. An ce min kwana goma, sai da aka yi sati uku, kuma ba wanda zai kira ka ya ce an samu jinkiri sai dai kai ka yi ta sintiri. Ɗan nasa da ya yanko ƙaramin rubutun akrilik na lambar waya da kalmar ɗinki, sai ya yanko ta ba lanƙwasa a kan ɗ, na ce a sake, ya ɗan ɓata rai yana cewa ai kowa haka yake rubutawa, Baba ne ya tsawata masa aka sake ba a ƙara min ko sisi ba. Sannan yaran da suka zo ɗorawa tsaninsu na katako ne mai rawa, ni na aro musu na mai gyaran wuta. Rasit ma sai da na tambaya.

To sai babbar maganar, wadda saboda ita na zauna rubuta wannan dogon bayani. Baba ya yi min kyautar wani abu da ya fi allon kansa burge ni, almakashi na ƙarfe mai tsawon hannu, an yanka an yi masa fenti ruwan zinare, wanda za a maƙala ya leƙo titi ta yadda mai tahowa daga kowane ɓangare zai hango. Kwana shida ya yi a sama. Wasu masu karɓar kuɗin allo suka zo suka ce wannan allo na biyu ne kuɗinsa daban, kuma tunda ya leƙo hanya ma za a iya cirewa. Na ce to a nuna min a rubuce nawa ne iyakar leƙowar, in tsawo ne a ɗaga in faɗi ne a rage, ba wanda ya nuna min takarda. Bayan sati biyu wasu daban suka zo da wani rasit mai wata kala, su kuma babban allon suka auna. Ni ba na faɗa da kowa a bakin sana'ata, na biya na babban na sauke almakashin.

Da na koma na faɗa wa Baba bai yi mamaki ba ko kaɗan, ya ce "ɗana abin da ya kashe mana kasuwa kenan, kowa ya zo sai ya ce yi min mai araha wanda ko an cire ban yi asara ba." Maganar nan ta zauna min. Mutum ba zai zuba dubu ɗari a abin da bai san ko gobe za a ce ya saɓa ƙa'ida ba, shi ya sa in ka bi Bata zuwa Sabon Gari ko ka shiga Farm Centre allo ne a kan allo, fleks a kan fleks, kowa na ƙoƙarin rufe na ɗan'uwansa, ido ya gaji har ba ka iya karanta ko ɗaya.

Ni ba na cikin masu cewa a bar kowa ya yi yadda ya ga dama. Na taɓa ganin tsohon allo mai tsatsa da iska ta ɓalle ya faɗo kan rumfar mai shayi, Allah ne ya kiyaye ba kowa a benci. Dole a yi doka. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa kula da tallan waje cikin ayyukan ƙananan hukumomi, dokar haraji ta 1998 ma ta sa kuɗin izinin allo a jerin abin da ƙaramar hukuma ke karɓa, sannan jihohi suka zo suna kafa nasu hukumomin, Legas ta kafa tata hukumar kula da allunan talla, LASAA, tun 2006. Ka ga mai ƙaramin shago irina a tsakiya yake, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Abin da nake roƙo shi ne a zauna a sabunta ƙa'idar a fitar da ita a takarda ɗaya da Hausa, a liƙa a sakatariya a kuma raba wa masu yin allon su kansu, domin su ne mutum ke fara zuwa wajensu. A ce allon da ya leƙo titi ga tsayin da zai kai daga ƙasa yadda ba zai taɓa mai kaya a ka ko rufin adaidaita sahu ba, ga iyakar faɗinsa, in ka cika wannan ba mai taɓa ka. Biya kuma sau ɗaya a shekara a wuri ɗaya.

Kuma don Allah a daina auna allo da tef kawai. Yanzu wanda ya rataya yagaggen fleks da wanda ya yi aikin ƙarfe mai kyau da zai shekara goma, girma kawai ake dubawa, to me zai sa mutum ya wahalar da kansa? Da za a ce mai allo mai ƙarko, wanda aka ɗaure da kyau, a rage masa wani abu, ko shekarar farko a yafe masa, wallahi da kanmu za mu gyara layukanmu ba sai an zo da motar kwashe kaya ba. Birnin Sao Paulo na Brazil a 2007 sun sauke manyan allunan talla suka kuma ƙayyade girman na ƙofar shago daidai da faɗin gaban ginin, ni ban ce mu kwafi nasu ba, abin da ya burge ni kawai shi ne mai shago ya san ma'auninsa tun kafin ya je wajen mai allo. Mu da muke da dagi da zanen bangon Gidan Makama da askar babbar riga da ajami, ga masu hannu irin Baba suna tsufa ba masu gado sosai, ai abin takaici ne a ce tsakiyar birnin Kano duk hoton intanet ne.

Wanda ke son zuwa wajensa, shawarata ka je da wani abu na sana'arka a hannu kada ka je da hoton waya, ka rubuta sunan shagonka da kanka a takarda da duk lanƙwasar haruffan, ka ninka kwanakin da aka faɗa maka sau biyu a ranka, kuma ka nemi rasit. Aikin hannunsa ban ga na biyunsa ba, wata bakwai kenan an sha hunturu an shiga zafi shuɗin nan ko gezau, da tsumma mai ruwa kawai nake gogewa ranar Juma'a da safe. Almakashin kuma yana nan cikin shago na jingine shi bayan keken ɗinki na lulluɓe da ƙyalle, Baba ya ce in ajiye kusoshinsa kada su ɓata, duk ranar da aka fitar da ma'auni a rubuce da kansa zai zo ya tsaya a mayar da shi.