Bitar aikin masu gyaran famfo na gaggawa a garin da ruwansa ke da zartsi

A ƙaramin gari, masu gyaran famfon da za su ɗaga waya da tsakar dare ba su da yawa, saboda haka magidanci ba ya samun zaɓi irin wanda mazauna manyan birane suke da shi. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi bayani dalla-dalla a kan ƙaramin kamfanin da nake kira idan ruwa ya ɓalle a gidana. A ganina sun cancanci a kira su, kuma babban dalilina shi ne sun san halin ruwan da suke aiki da shi, ba toshe yoyo kawai suka iya ba. Duk da haka akwai wurare biyu da ban gamsu da su ba, kuma zan faɗe su yadda suke.

Kusan duk matsalar famfon da ke tasowa a irin wannan gari daga ruwan take farawa. Ruwan da ya ratso ta cikin dutsen farar ƙasa yana ɗauko sinadaran kalsiyam da magnesiyam a narke, shi ya sa sabulu ba ya kumfa sosai a cikinsa, kuma yake barin farin tabo a jikin kofi da kan famfo. Wannan shi nake nufi da zartsi. Ana auna yawansa da miligiram a kowace lita, kuma a ma'aunin hukumar binciken ƙasa ta Amurka ruwan da ya kai 121 zuwa 180 mai zartsi ne, wanda ya haura 180 kuma zartsinsa ya yi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa masa wata iyaka saboda lafiyar jiki ba, domin shansa ba ya cutarwa, amma bututu da hita su ne suke ɗanɗana kuɗarsu. Da zarar an dumama irin wannan ruwa, sinadarin da ke narke yakan koma farin ɓawo mai tauri ya manne a duk inda ya samu, kuma yawan zafi yana ƙara saurin taruwarsa.

Aikin da ya fi nuna mini ingancinsu shi ne na wani dare da hitar banɗaki ta fara zubar da ruwa ta ƙasa, na je in rufe babban bawul ɗin da ke shigo da ruwa gida ya ƙi motsi. Wanda ya ɗaga wayar bai tsaya dogon surutu ba. Abu na farko da ya ce in yi shi ne in kashe wutar hitar daga babban makunni kafin in taka ruwan da ke ƙasa, sannan ya hana ni sa sifana in murɗa bawul ɗin da ƙarfi, domin a cewarsa bawul ɗin da ɓawo ya cinye yakan karye a hannu, sai ƙaramar ɗiga ta zama ambaliya. Ya kwatanta mini inda zan duba in rufe ruwan daga waje kusa da mita, ya kuma ce in buɗe famfunan da ke ƙasa domin ruwan da ya rage a bututu ya sauka. Kafin motarsu ta iso, zubar ta riga ta ragu ƙwarai. Wannan shawara ta waya ita ce rabin aikin gaggawa, kuma ba kowane mai gyara ne yake bayar da ita kyauta ba.

Da suka cire tsohon bawul ɗin, babban ma'aikacin ya haska cikinsa da tocila ya miƙo mini. Ramin da ruwa ke bi ya tsuke har ɗan yatsa ba zai shiga ba, farin ɓawo ya yi hawa-hawa a bangonsa, kuma da ya kankare shi da sukuddireba sai ya riƙa zubowa kamar ɓawon ƙwai. Ya maye gurbinsa da irin bawul mai hannu ɗaya wanda ake rufewa da juyi kwata, ya bayyana mini cewa shi ma zai iya maƙalewa idan aka bar shi shekara da shekaru ba a taɓa ba, don haka in riƙa rufe shi ina buɗewa lokaci-lokaci.

A kan hitar ne suka fi ɓata lokaci, kuma a nan ne na fi yaba musu. Mai gaggawar karɓar kuɗi zai iya cewa hitar ta mutu a sayi sabuwa, amma su sai da suka zubar da ruwan tankin suka bincika. Sun tarar da laka mai kama da tsakuwa ta taru a gindinsa, ƙarfen da ke dumama ruwan ya lulluɓe da ɓawo, kuma ɗan bawul ɗin kariya da ke sakin ruwa idan matsi ya yi yawa ya daina rufuwa daidai, wanda shi ne tushen yoyon. Ɓawon da ya rufe ƙarfen dumama yana hana zafi shiga ruwa, sai ƙarfen ya yi ta zafi fiye da kima yana cin wuta har ya ƙone, kuma ƙarar da hita ke yi kamar ana soya wani abu a cikinta alama ce ta wannan. Sun canza bawul ɗin kariya, sun ƙi amincewa da toshe bakinsa ko da na dare ɗaya ne, kuma gaskiyarsu ne, domin tankin ruwan zafi da ba shi da hanyar sakin matsi yana iya fashewa. Sun kuma duba sandar magnesiyam da ake sawa a cikin tanki domin tsatsa ta ci ta a madadin tankin, suka ga ta kusa ƙarewa. Daga ƙarshe suka saita zafin a digiri 60 na ma'aunin Salshiyas, suka ce idan aka haura haka ɓawo zai ƙaru, idan kuma aka yi ƙasa sosai ana ba ƙwayar cutar Legionella damar yaɗuwa a ruwan da ke kwance.

Ƙananan gyare-gyare ba sa ba su wahala. Kan shawa da ya toshe da abin da ke tsayar da ruwa a tankin masai sukan jiƙa su a ruwan khal ko garin tsamin lemo maimakon su ce a sayi sabo, kuma sun gargaɗe ni a kan zuba asid mai ƙarfi, saboda yana cin ƙyallin famfo da robobin da ke hana ɗiga.

Abu na farko da ya ɓata mini rai shi ne maganar kuɗi. Kowa ya san aikin dare ya fi na rana tsada, kuma ba na ƙorafi a kan haka, domin mutumin da ya bar barcinsa ya cancanci ladansa. Amma ba a faɗa mini ƙarin a waya ba, ba a kuma rubuta mini ƙiyasi kafin a kwance hitar ba, sai bayan an gama aka kawo takarda wadda ta haɗe kuɗin kaya da na aiki wuri ɗaya. Da na nemi a rarrabe, sun rarrabe ba tare da musu ba, kuma ban ga alamar cuta a lissafin ba. Sai dai mutumin da ruwa ya cika masa ɗaki ba ya cikin halin ciniki, kuma hakkin kamfani ne ya fara faɗin farashinsa tun ba a tambaye shi ba.

Na biyu ya fi damuna, domin ya shafi amana. Da suka dawo da rana don duba aikinsu, wani daga cikinsu ya tsoma ƙaramar na'ura a kofin ruwa, ya nuna mini lambar da ta fito, ya ce lallai in sa injin rage zartsi. Wannan na'ura jimlar abubuwan da suka narke a ruwa take ƙiyastawa, har da gishiri da sauransu, ba kalsiyam da magnesiyam kaɗai ba, don haka lambarta ba ta isa hujjar sayen inji ba. Gwajin da ya dace shi ne na takardar da ke canza launi ko na ɗigon sinadari, wanda aka yi shi musamman domin zartsi. Injin kansa yana aiki, ban musanta ba: ruwa yana bi ta cikin ƙananan ƙwayoyin roba da ke riƙe kalsiyam da magnesiyam su saki sodiyam a madadinsu. Amma yana buƙatar a riƙa zuba masa gishiri, yana zubar da ruwa duk lokacin da yake wanke kansa, kuma yana ƙara sodiyam a ruwan gida, shi ya sa ake barin famfo ɗaya a kicin ba a haɗa shi da injin ba domin sha, musamman inda akwai jariri ko wanda likita ya hana cin gishiri. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da aka ambata mini sai da na tambaya.

Zan ci gaba da kiran su idan bututu ya fashe ko hita ta lalace, domin suna zuwa, suna share wurin da suka yi aiki, kuma gyaran da suka yi bai sake ɗiga ba. Wanda zai kira su ya tambayi kuɗin fitowar dare tun a waya, ya nemi a nuna masa duk abin da aka cire, kuma kada ya amince da sayen injin rage zartsi a ranar da aka yi masa tallarsa, sai an yi gwajin da ya dace a gabansa an rubuta masa sakamakon.